Kaset Mai Shan Batir

Ranar wata Laraba, a kakar albasa ta shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, Kawu Ilu ya dawo Dogarawa daga kasuwar Konni da sabon kaset ɗin bidiyo a aljihunsa. Ina tsakar gida ina surfen gero, na yar da taɓarya na bi shi da gudu har zaure, kakata Inna Kulu tana ƙwala mini kira ina yin kunnen uwar shegu. A jikin kwalin an zana ƙaton jirgin ruwa, teku ta miƙe tana neman haɗiye shi, ga wata mace tsaye a goshinsa riƙe da takobi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin bayan gari ba, nan take zama ya gagare ni.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, direban kamyo mai jigilar albasa. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, jarabarsa ɗaya ce: tara tsofaffin finafinan jarumta, na masu keta daji da masu neman zinari a kogon dutse. Cike da akwatin ƙarfe suke a ƙarƙashin gadonsa, kowanne naɗe cikin tsumma saboda ƙura. Unguwarmu ba wuta a lokacin, don haka in ya kwana gida, bayan la'asar sai ya kwance batirin motar ya jona ƴar tele da bidiyo a zaure, mu cika tabarma har bakin ƙofa.

Kallon yana da doka guda. In batir ya fara sanyi, hoton yakan tsuke, baƙi ya sauko daga sama, wani ya taso daga ƙasa. Sau ɗaya Kawu ya taɓa yin biris da wannan alama don fim ya yi daɗi, washegari mota ta ƙi tashi, ga ta maƙil da albasar mutane. Mazan unguwa suka yi ta turi cikin rairayi har rana ta take, mai motar ya kusa karɓe makullinsa. Tun daga nan, da baƙi ya leƙo sai ya fizge waya. Inna Kulu takan ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

To ranar nan ana saka sabon kaset, ko jirgin bai fito ba, sai ga baƙi sama da ƙasa, faffaɗa, irin wanda ba mu taɓa gani ba. Kawu ya fizge waya. Ya gwada wani tsohon kaset, hoto ya cika fuskar tele tam. Ya mayar da sabon, baƙi ya dawo. Ya ɗaga shi yana auna nauyinsa a tafin hannu, ya yanke hukunci: "Wanga kaset nauyi garai, shan batir shikai. Sai ran da wuta ta zo." Ya naɗe shi ya tura ƙasan akwati.

Allah ya sani na sha wahalar wannan kaset. A lakwal jirgi nake zanawa a allona maimakon lissafi. In an aike mu kai abinci garka, ni ce a goshin amalanke da karan dawa a hannu, ina ba jaki umarni. Na wanke gilashin kamyo ba a sa ni ba, na yi magiya har Kawu ya gaji ya sake saka shi wata rana. Ya tsaya a kan batirin, hannunsa a kan waya, gumi na tsattsafo masa. Na ga jirgin ya bar gaɓa, na ga macen ta juyo za ta yi magana, sai ya fizge waya, tele ta mutu. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, kuma na daɗe ba na gaishe shi da daɗin rai.

Kafin wuta ta iso unguwarmu bidiyon ya riga ya lalace, duniya ta koma faifai, ni ma na tafi koleji a Konni, daga can na yi aure. Ina da ƴaƴa uku na shiga wani shagon gyaran tele, na ga wata tsohuwar tele tana nuna fim da baƙi sama da ƙasa. Bakina ya suɓuce na ce wa mai shagon batirinsa ya yi sanyi. Ya nuna mini wayarta jone da wutar lantarki a jikin bango, ya ce ai haka aka yi fim ɗin, mai faɗi ne, na babban farin bangon silima. Waɗanda ke cika ƙaramar tele, an yanke musu gefe da gefe ne don su shiga. Ashe duk akwatin Kawu guntaye ne, wanda muka ƙi kallo shi kaɗai ne cikakke.

Da na je Dogarawa na same shi a zaure, yanar ido ta rufe masa gani, haske kawai yake bambancewa. Na ba shi labari ina dariya, shi bai yi ba. Sai ya ce, "Ke nan da na bar shi ya kai ƙarshe, da motar ta tashi?" Na ce da ta tashi, Kawu. Ya lalubo hannuna ya ce, "Ki yahe mini, ɗiyata. Ni ma na so in ga inda matar nan ta kai su."

Yanzu a ɗakina akwai tele mai faɗin ƙyauren ƙofa, yarana kuma da ɗan yatsa suke tsallake fim in ya gundure su. Babbansu ya ce zai nemo mini wannan fim ɗin a wayar salula, na ce ya bari. Tare da Kawu na so in kalle shi.