Jijiyoyin Iya Gado Ɗaya

Shekaru talatin da ɗoriya, kowace safiya kafin ɗalibar farko ta tako harabar kwalejin koyon aikin jinya ta jami'armu, Iya ta riga ta buɗe tagogin ɗakin koyon aiki. Takan fara da shara, daga lungun da ake jingine sandunan rataya ledar ruwa har bakin ƙofa. Sai ta yaye zannuwan gadaje ta jiƙa, ta shimfiɗa wasu, ta goge farantan ƙarfe, ta cika kwalbar sifirit, ta yayyaga auduga ƙanana ta jera. Idan malamar aji ta iso da ɗalibanta, Iya takan jingine tsintsiya, ta cire takalmi, ta hau gadon da ke kusa da ƙofa ta kwanta, ta zama mara lafiya. A jikinta ake koyon juya wanda ba ya iya juyawa, da canza zanen gado ba tare da an sauke majinyaci ba. In ɗaliba ta finciko ta da ƙarfi, takan ce, "Wayyo nas, a hankali, ni ba buhun masara ba ce," aji ya ɗauki dariya. Daga wannan gado laƙabinta ya fito: Iya Gado Ɗaya.

Wannan kowa ya sani, kuma a kansa aka yi mata tafi bana da ta ajiye aiki, aka ba ta bargo da agogon bango. Abin da ba a sani ba ya fito fili ne a watan jiya, a ɗakin gaggawa na asibitin koyarwa, kuma har yau waɗanda suka gani ba su gama dawowa hayyacinsu ba.

Da hantsi autarta, wadda tela ce, ta kawo ta a sume-sume. Amai da gudawa sun tatse ta, idanu sun faɗa, duk abin da aka ba ta ta baki dawowa yake yi. Likitan da ke aiki a ranar matashi ne, sabon zuwa, bai san ta ba. Ya ja fatar cikinta, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce, "Jikinta ya bushe. In ba a sa mata ruwa yanzu ba, ƙodarta za ta tsaya."

Nas ta naɗe dogon hannun rigar Iya, irin wadda kullum take sawa, sai ta tsaya cak. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, tabo ne a kan tabo, ɗigo-ɗigo baƙaƙe, jijiyoyin sun taurare a ƙarƙashin fata kamar igiyar shanya. Ta ɗaure da roba, ta bubbuga, ta laluba, ta soka. Jini bai zo ba. Ta koma ɗaya hannun, ta tarar da shi ya fi na farko muni.

Likita ya ja Auta gefe, ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri, dole ne in tambaya. Mahaifiyarki tana yi wa kanta allura? Irin ta maye nake nufi."

"Uwar tawa?" in ji Auta. "Matar da ko maganin ciwon kai sai an yi daru da ita? Likita, ka dubi furfurar nan ka sake tambaya."

"Na ga furfura, 'yar'uwa. Amma ga hannu."

"Sabulun wankin zanen asibiti ne ke cin fatarta. Tun ina ƙarama haka take gaya mana."

"Sabulu ba ya bin jijiya," in ji shi.

Aka aika a kira Sista Babba, shugabar nas-nas ta asibitin, wadda ake nema duk lokacin da jijiya ta gagari kowa. Tana cikin ajin farko da kwalejin ta yaye. Ta shigo tana sa safar hannu, ta kalli fuskar da ke kan matashin kai, ta kalli hannun, sai ta dafa ƙarfen gado.

"Innalillahi. Iya ce. Likita, ba 'yar maye ba ce. Ɗaya daga cikin tabon nan nawa ne."

Nas ɗin da ta fara sokawa ta ɗago kai. "Sista, ke ma?"

"Kamar yaya ni ma?"

"Ni ta ce mini ni kaɗai ce."

Wani nas namiji da ke riƙe da ledar ruwa ya ce a hankali, "Ni ma ta ba ni. Har da rantsar da ni kada in faɗa." Wata daga bakin labule ta toshe bakinta da tafin hannu. Suka tsaya suna duban juna, manya da ƙanana, kowa yana karanta nasa sirrin a fuskar ɗan'uwansa.

Ga yadda abin ya faro, kamar yadda Sista Babba ta ba da labari daga baya. Kwalejin da muke gani yau ta soma ne da ɗakuna biyu a bayan sito na asibiti, da malama ɗaya, da gado ɗaya. Babu hannun roba na koyo, babu mutum-mutumi. A jikin lemo ake koyon allura, daga lemo kuma sai a wuce kan majinyaci. Wadda ta kasa sa allurar ruwa a jarrabawar gwaji, sallamarta ake yi. Sista Babba, tana ɗaliba a lokacin, ta fi kowa iya lemo, amma da ta ga fatar mutum sai hannunta ya kama rawa. Ana gobe jarrabawa, lokacin da kowa ya fita cin abincin rana, Iya ta same ta tana kuka da lemo a cinya.

"Lemo ba ya cewa wash, shi ya sa ba kya tsoronsa," in ji Iya. Ta ɗauko ƙyallen tiyata mai huda a tsakiya, ta rufe hannunta da shi, ta bar ɗan wuri kaɗan a buɗe. "Soka. In kin kuskure ni zan ji, ni kuwa na yafe tun yanzu. Amma kada ki gaya wa kowa, korata za a yi. Ke kaɗai na yi wa."

Ta soka, ta kuskure, ta sake, ta samu. Washegari ta ci jarrabawa, ta kuma riƙe amana.

Kwalejin ta ci gaba da girma. Ɗakuna biyu suka zama jere, jere ya zama bene. Takardar shaida ta zama digiri, aka ƙara digiri na biyu, aka fara ɗaukar maza. Aka kawo hannuwan roba masu jan ruwa a ciki, daga baya har da mutum-mutumi mai numfashi da ƙifta ido. Ɗalibanta suka bazu asibitoci na kusa da na nesa, ana yabon sanyin hannunsu, ana cewa nas ɗin kwalejin nan sau ɗaya take soka allura. Amma a kowane aji ba a rasa waɗanda roba ba ta cire musu tsoron fata ba. Iya tana kwance a gadonta tana lura da su. Ba ta san sunan jijiya ko ɗaya ba, ba ta taɓa riƙe sirinji ba. Abin da ta iya shi ne gane mai tsoro, da tsayar da hannunta cak, da haɗiye wash ɗin. Da tsakar rana sai ta yafito ɗaliba ko ɗalibi, ta shimfiɗa ƙyallen nan, wanda ke ɓoye duk tabon da ya gabata, ta ce, "Kai kaɗai na yi wa."

Wannan ne ke hana mutum sukuni idan ya zauna yana tunani. Ba wanda ya zalunce ta da gangan. Kowa ya ɗauka alfarma ce guda aka yi masa, ya riƙe ta a zuci da godiya, ya yi shiru don ya kare mata aikinta. Shirun nan na mutanen kirki shi ne ya cinye jijiyoyin mace ɗaya. A bukukuwan cikar kwaleji shekaru kaza an sha jera sunayen waɗanda suka kafa ta da waɗanda suka gina benen, mu kuma muna tafi, ba mu taɓa tambaya a jikin wa aka koyi sanyin hannun da muke taƙama da shi ba.

A ɗakin gaggawa kuwa babu lokacin tunani. Sista Babba ta gwada gwiwar hannun dama, ta gwada hagu, ta sauko bayan tafin hannu inda kaushin wanki ya rufe tsofaffin huda. Ko'ina a toshe. Likita ya aika a kira mai sa barcin tiyata don ya shiga ta jijiyar wuya, aka dawo aka ce yana tsakiyar aiki, ba zai iya fitowa ba. Awon jinin Iya yana ta sauka. Sista Babba ta ci gaba da lalube, hawaye na ɗiga a kan safar hannunta.

Auta ba ta da abin yi. Ta koma ƙarshen gado, ta ji ƙafafun uwarta sun yi sanyi, ta fara murza su. Sai Iya ta fizge ƙafar, ta buɗe ido da ƙyar.

"Ke Auta, sakar mini ƙafa. Kin san ba na son cakulkuli."

Sista Babba ta ɗago. "Iya, ƙafar nan, ba wanda ya taɓa soka mata allura?"

"Wa zan bari?" Muryar kamar ta fito daga rijiya. "Na ba ku hannu biyu, ƙafar ma so kuke? Ku ba kwa ƙoshi ne?"

Aka ɗage zani. A gefen idon sawu ga jijiya kwance, siririya saboda bushewar jiki, amma lafiya lau, babu tabo ko ɗaya. Nas namijin ya danne gwiwa, Auta ta rungume ɗaya ƙafar tana cewa, "Iya, don Allah yau kawai ki daure." Sista Babba ta ɗaure roba, ta ja numfashi, ta soka. Jini ya leƙo cikin allura. Aka buɗe ruwa ya fara sauka.

Ƙodar ta tsira. Da Iya ta fara zama, likitan ya zo ya durƙusa ya ba ta haƙuri a kan tambayarsa. Ta ce, "Tashi ɗana, da ni ce kai, ni ma haka zan tambaya." Auta ce ba ta huce ba.

"Iya, me ya sa?"

"Gara su koya a kaina da su koya a kan 'ya'yan mutane."

"Ke ba 'yar mutane ba ce?"

Iya ta juya fuska ga bango. Mu ma har yau ba mu da amsa.

Iya Gado Ɗaya, uwar masu farin kayan jinya. Ke ce aka ɗauka don ki share ɗaki, kika share tsoro daga hannun ɗaruruwa. Ke ce kika yi ƙarya guda ɗaya kika maimaita ta shekaru talatin, don kada yarinya ta ji kunyar rauninta. Duk jaririn da aka sa wa ruwa da sukar allura ɗaya a hannun ɗaliban kwalejin nan, zafin sukar da bai ji ba ke kika ji shi, da tsakar rana, ba wanda ya gani. Ba ki san su ba, su ma ba za su taɓa sanin ki ba.

Ba muna kira ga kowa ya yi abin da kika yi yadda kika yi shi ba, domin bai kamata jiki ɗaya ya sake ɗaukar wannan ba. Mako guda bayan an sallame ki, Sista Babba ta shiga ɗakin koyon aiki ana tsakiyar darasi, ta zauna, ta naɗe hannun rigarta a gaban malama da aji duka, ta ce mai tsoro ya fito. Yanzu malamai da tsofaffin ɗalibai suna zuwa bi da bi, a sarari, bisa ƙa'ida, kowa ya ba da hannunsa sau ɗaya. Wanda ya ci moriyar kwalejin nan, ko aka taɓa sa wa wani nasa ruwa ba tare da kuka ba, ya san inda ɗakin yake. Wanda kuma yake aiki a wani wuri, ya waiga ya duba, wataƙila akwai mai dogon hannun riga a kusa da shi.

Mun gode, Iya. Allah ya ƙara miki lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Ki sauke hannun rigarki ki huta. Alluran da suka rage, a hannunmu za a soka su.