Fitilar Usaini

Duk wanda ya san unguwar Rumuokoro a Fatakwal ya san Falalu mai haƙar rijiya, wanda rabin fuskarsa ya ƙone, kunnen hagu ya naɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Shekara goma sha shida ke nan da suka zo Fatakwal shi da yayansa Usaini, da diga da igiya da kuma ilimin da ubansu ya bar musu a Gumel: kafin ka shiga rami, zura fitila. In ta mutu, iskar ciki mugu ce. In ta ci, bismilla.

To, a Gumel ke nan. Ƙasar Fatakwal kuwa ta sha mai ta ƙoshi.

Wata 'yar Kafanchan, Martina, da ke aiki a ɗakin bincike na wata jami'a, ita ta ba Falalu wani ɗan falle kore mai sheƙi, bai fi faɗin yatsa biyu ba, ranar da suka yashe mata rijiya. Ta ce daga fiffiken buzuzu aka koyi yin sa. In ya shaƙi tururin fetur sai ya koma ja, in an shanya shi a rana ya dawo kore. Usaini ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wai yanzu ƙwaro ne zai koya masa sana'ar ubansa. Taurin kan mutumin nan, Allah ya jiƙansa, ko jaki ya sara masa.

Wata Laraba da hantsi aka kira su yashe tsohuwar rijiya a bayan wani gidan mai da aka daɗe da rufewa. Falalu ya ɗaura fallen a igiya ya zura. Ya fito jawur.

"Yaya, kada ka kunna," in ji Falalu.

"Matsa min," Usaini ya ce, yana laluben ashana.

Falalu bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, balle hannu. Ran nan ya dunƙule hannu ya zabga masa naushi a baki, haƙori biyu suka zube. Ya kayar da shi, ya danne, yana duka yana kuka. Masu okada da 'yan kasuwa suka ga ƙato na neman kashe dattijo, suka yo kansa. Wani ya rafka masa katako a ƙeya, huɗu suka banƙare masa hannuwa ta baya suka ja shi gefe. Yana ta ihun mai ne a ciki, amma da Hausa yake yi, tsoro ya kore ɗan Turancin da ya iya.

Usaini ya miƙe, jini na zuba a gemunsa, ransa a ɓace, mutuncinsa ya zube a gaban jama'a. Ya ƙyasta ashana, ya kunna fitilar, ya leƙa bakin rijiyar ya zura ta.

Ƙarar ta farfasa gilasan motoci har bakin titi. Wutar ta lashi fuskar Falalu har inda aka riƙe shi. Usaini kuwa, a buhu aka tattara abin da aka yi wa salla.

Har yau Falalu na haƙa, fallen nan na shanye a kan hularsa. Mutane kan ce masa ya daina damun kansa, dukan da ya yi wa yayansa Allah ya yafe. Ba su gane ba. Shi abin da ke cin sa, baki ya nausa. Da ma hannun Usaini ya karya, da bai ƙyasta ashanar ba.