Ranar da na kai kaina Kano

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Small Heath a Birmingham ta Ingila, na kira gida in ji jikin mahaifiyata. Yayana ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Na ce a ba ta wayar, ya ce tana barci. Washegari ma barci. Ni kuwa na san halinmu: na nesa ba a gaya masa gaskiya, sai an dawo daga maƙabarta a kira shi a ce ya yi haƙuri. Haka aka yi mini da mahaifina.

Maigidana likita ne, a lokacin yana aiki a Manchester. Na buga masa waya na ce zan tafi Kano.

Ya ce, "Hajiya, ki bari in samu hutu mu tafi tare. Daga nahiya zuwa nahiya fa, ga canjin jirgi a hanya. Ke da ko bas ba kya shiga sai da rakiya?"

Bai yi ƙarya ba. Sai da na aurar da 'ya sannan na shiga ajin manya na fara haɗa baƙi. Amma a ajin akwai ƙwallon taswirar duniya, na taɓa ɗora hannuna a kai: daga Birmingham zuwa Kano taƙi ɗaya ne. Na ce, "Likita, Sahara ce a tsakaninmu da gida, ba lahira ba."

'Yata ta duba, babu wuri a jirgin Birmingham, sai na Manchester. Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai. Maigidan ya tare ni a filin jirgi, yana ta nanata mini abin da zan yi kamar mai kai yarinya makarantar kwana.

A inda muka sauka don canjin jirgi na ga wata mata da atamfa, na ce wannan tamu ce, na bi bayanta tiryan-tiryan. Ashe Accra za ta! Na koma gaban allon da ke nuna ƙofar shiga kowane jirgi na tsaya, baki na motsi, ina bin harafi ɗaya bayan ɗaya har na tsinci ƙofata.

Da na yi sallama a gidanmu, yayana ya miƙe zumbur. "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Barcin da ba ya ƙarewa."

Inna ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. "Wa ya kawo ki?"

"Ni na kawo kaina, Inna."

Ta yi murmushi ta ce, "Ja'ira."

Ba ta kai Juma'a ba. Ni na yi mata wanka da hannuna.

Har yau in na ji ana lissafin nisan Ingila da gida, ba na tanka wa kowa. Na auna shi da kaina, na san iyakarsa. Kuma tun daga ranar babu wanda ya sake ce mini "da sauƙi" a waya sai in da sauƙin ne.