Shafin Ƙarshe da Edwin Ya Buga Sau Biyu

Shekara ashirin da shida Edwin yana buga takardu a wata kotu a Mubi. Maƙwabcina ne a Yelwa, mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa, ko tsiren wani ba ya ci sai ya ji dalili. Alƙali ya rubuta hukunci da hannu, shi ya buga, don haka yakan riga kowa sanin wanda ya yi nasara. Bai taɓa yin subul da baka ba sai sau ɗaya.

Wani dattijo ne daga Michika, Tizhe, yake shari'a da wani ɗan siyasa a kan gonarsa. Ranar Alhamis Edwin ya buga hukuncin, gona ta Tizhe ce. Da ya fito sai ya tarar da tsohon a bakin ƙofa, ya sha hanya, ya yi zuru-zuru.

"Ɗana, gona na zai dawo?" in ji Tizhe.

Tausayi ya kama Edwin. Ya ce, "Baba, ruwa ya sauka. Je ka yi shuka."

Kashegari aka yi wa alƙali waya daga sama, aka tuna masa cewa canjin wurin aiki ba wuya. Ya miƙa wa Edwin sabon shafin ƙarshe mai ba ɗan siyasar gonar, idonsa na kan tebur.

Edwin ya zo wurina da yamma, ya ce ba zai buga ba. A nan ne nawa abin kunyar yake. Ni da nake cika baki a majalisa kullum cewa an lalata ƙasa, ni na ce masa, "Kai ne alƙali? Saura shekara biyu ka yi ritaya. Buga musu, ka rufa wa kanka asiri." Ya buga.

Ranar Litinin aka karanta hukunci. Tizhe bai yi hayaniya ba. Ya lallaba har teburin Edwin, ya cire hula.

"Na shuka, yadda ka ce. Duk irin da na ajiye na zuba."

Edwin ya kasa ɗaga kai. Tsohon ya ɗan jira, sannan ya tambaye shi a hankali, ko doka ta yarda ya je ya yi noman fari, kada ciyawa ta kashe dawar.