Jitar Mahmuda Ta Yi Shiru

Har yau in ana son a tsokani Mahmuda ɗan acaɓan Karofi, sai mutum ya rufe ido, ya karkatar da wuya, ya riƙa sosa cikinsa a hankali. Kowa ya san abin da ake nufi. A wani biki ne a Dutsin-Ma, Mahmuda ya rataya jitarsa mai tsirkiya huɗu, wadda makaɗa ke kira bes, ya lumshe ido yana rangaji kamar dawa a iska. Ya kaɗa waƙa guda tun daga farko har ƙarshe, gumi na zuba, alhali ko tari jitar ba ta yi a sifika ba. Shi kaɗai yake jin abarsa, don katakon na girgiza masa ciki. Da ya buɗe ido ya tarar mata sun daina rawa suna riƙe da juna don dariya, ya ɗauka daɗin kiɗan ne, har da rusunawa ya yi.

Mu maƙwabtansa ba mu yi mamaki ba. Mahmuda jikan makiyaya ne, amma kafin ya yi wayo garken ya ƙare, sai labari. Cewa yake in ya taɓa tsirkiyar nan mai kauri, kukan bijimin kakansa yake ji daga can bakin dam, da la'asar sakaliya, ƙura na tashi ja, shanu na gangarowa ɗaya bayan ɗaya. A kan babur ma haka yake, ya sha wuce gidan fasinjansa yana kaɗa yatsa a kan birki.

Sabi'u, mawaƙin da yake yi wa kiɗa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Mahmuda, akwai biki a Kurfi ran Asabar. In abar nan taka ba ta yi magana ba, mai piyano zai cike gurbinka da hannun hagu. Dama shi ba ya lumshe ido."

Mahmuda ya ɗauki jitarsa. Ya dawo gida ya sauya wayar da ke haɗa ta da sifika, shiru. Ya ara sifikar masu wasan kwaikwayo, shiru. Ya murza maɓallan nan gaba da baya, ya hura ramin da ake soka waya, har ya shanya ta a rana wai ko sanyi ne ya kama ta. Daga ƙarshe ya goya ta a baya kamar jinjira ya nufi rumfar Rabo mai gyaran rediyo.

Rabo ya haɗa ta da sifika, ya ƙwanƙwasa maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya da bakin sukudireba. Babu motsi. Ya zare wayar ya ɗora yatsa a kanta, sifika ta yi gurnani.

"To, ba waya ba ce, ba sifika ba ce. Ciwon na ciki ne. Juya mini ita."

Ya kwance murfin baya, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya sa yatsu biyu ya zaro wata laya, ɗinkin jar fata, sabuwa ful.

"Malam Mahmuda, wannan daga kamfani ta zo?"

Ashe Dada ce, mahaifiyarsa. Ta ga ɗanta na tsayawa gaban taro kowa na zuba masa ido, ta ba shi laya ya ƙi ɗaurawa, wai zamani ya wuce nan. Ita kuwa ta jira ya fita aiki, ta kwance murfin da tsinin wuƙa, ta cusa ta ciki ta mayar. Hanyar Karofi ta yi sauran aikin: kowane rami babur ya faɗa, layar ta yi tsalle ta tunkuɗi 'yar siririyar wayar da ke kai sauti waje, har ta ɓalle daga liƙinta.

Rabo ya ɗiga dalma ya liƙe wayar, hayaƙi ya tashi siriri. Mahmuda ya taɓa tsirkiya, gwangwanayen rumfar suka amsa. Da ya kai ƙorafi gida, Dada ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba.

"Dariya suka yi ma, ko jifa? To, ta yi aiki."

Bai yar da layar ba. A maɗaurin jitar ya ɗinke ta, daidai kafaɗa.

Ran Asabar a Kurfi, da ya saki tsirkiyar farko, sai da ƙasa ta motsa ƙarƙashin tabarmi. Wani tsoho da ya jingina da sandarsa can gefe ya waiwaya baya, kamar mai neman garke. Sabi'u ya yi wa mai piyano alama ya janye hannun hagu. Mahmuda kuwa tuni ya lumshe ido ya tafi bakin dam.

Da aka tashi, Sabi'u ya dafa shi gaban jama'a yana murmushi.

"Sarkin kiɗan kurame! Yau dai an ji ka."

Mahmuda yana naɗe wayarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni rana ɗaya aka rasa jina gari ya ɗauka. Kai kullum ana jinka, haƙuri kawai ake yi."