Mai Kwantar da Duwatsun Kabari a Aldercote

Kullum kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, Wilfred Pargeter yana cikin maƙabartar tsohon cocin Aldercote, yana bin duwatsun da aka kakkafa a kan kaburbura. Sai ya dafa kowanne da tafin hannu, ya ɗan tura. Wanda ya tsaya ƙyam, ya wuce shi. Wanda ya yi motsi, ya sa ƙarfe da igiya ya kwantar da shi a ƙasa.

Ta tsakiyar maƙabartar nan hanyar makaranta ta ratsa, yaranmu ba su san wata ba. Duwatsun kuwa wasu sun girmi kakannin kakanninmu, ruwan sama ya cinye gindinsu. Lokacin da Wilf yake yaro, ɗaya daga cikinsu ya faɗo wa abokin wasansa. Ba ya ba da labarin. Tsofaffi dai sun ce sai da maza suka taru kafin dutsen ya ɗagu, a lokacin kuwa an makara.

Ba abin da aikin ya jawo masa sai baƙin jini. Ranar da ya kwantar da dutsen mahaifin Hetty Ludlam, ta tare shi a ƙofar kanti.

"Kai Wilf, mugun tsoho! Ubana bai taɓa kwanciyar rana ba, sai da ka zo?"

"Hetty, ai shi ya daɗe a kwance. Jikanki nake so ya ci gaba da tsayuwa."

Tun ranar ba ta ƙara gaishe shi ba. A mashaya aka laƙaba masa Mai Kashe Matattu. Masu zuwa ɗaukar hoton cocin ma suka yi ta ƙorafi wai yana ɓata tarihi.

Bara, bayan wani ruwa mai yawa, dutsen matarsa Doreen ya yi motsi. Ina wucewa da 'yata a keken jarirai na gan shi, ya daɗe hannunsa na kan dutsen.

Limamin cocin ya matso. "Wilf, bar wannan. Ba wanda zai ce komai."

"Yaro ba ya karanta suna kafin ya hau," in ji Wilf. Ya ɗauko igiya.

Wilf, kai ne ka yarda gari ya ƙi ka don 'ya'yan garin su riƙa dawowa gida. Ba mu san ko ɗan wa ka tserar ba, kai ma ba ka sani ba. Mun gode, Mista Pargeter.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kafaɗa ta gaza. An yi cigiyar magaji a coci, kowa ya sunkuyar da kai. Iyaye 'yan'uwana, ni na ba da sunana, amma hannu ɗaya ba zai isa ba. A cikin duwatsun da ke tsaye akwai na mahaifiyata, ban kuma san ko zan iya ba. Ku zo ya koya mana tun yana iya ɗaga hannu.