Ranar da Na Yi wa Rabi Kitso

Ran Asabar na yi wa 'yata Rabi kitso. Ni dai kitso na kira shi, maƙwabta a unguwarmu Maamobi suka ce hatsarin trotro ne, wato motar haya.

Bakina ya ja mini. Kullum ina ce wa uwarta kitso ba aiki ba ne, hira ce. Sai ga ta a asibiti ta haihu, Rabi kuma tana da walima a makarantarsu. Na ce ni da nake kwance injin mota, gashi zai gagare ni?

Da na gama, ko hijabi bai ɓoye tudun da na yi wa Rabi a kai ba. Ba ta yi kuka ba, cewa ta yi ta fasa zuwa.

Na ja ta wajen Hajiya Memuna, tsohuwar gidanmu.

"Hajiya, ki gyara mana. Ni koyo ya wuce ni."

"Kai Alhassan, rufe mini baki! Ni da furfurata na koyi tura murya a waya. Zauna, raba gashin uku."

Ina kitsawa tana make mini hannu. Rabi ta tafi walima, sauran kitson na Hajiya, layi ɗaya a kanta nawa ne, karkatacce kamar lungun unguwar Nima. Shi ta riƙa nuna wa ƙawayenta.

Ashe abin da nake rainawa, hannuna ne bai taɓa shi ba.

Yanzu Rabi ta ce kitson Sallah duka ni zan yi, kuma na amsa. Uwarta ma tana jiran ban haƙuri. Iyaye maza, wa ya taɓa gwadawa? Ku agaza mini, Sallah ta matso.